Ku Tambaya Mu Amsa: Miitopia, wasu na yabo wasu na kushewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Yayana ne ya aiko min da Nintendo Switch, ina neman gem mara wahala da zan dinga bugawa da ƙannena, sai na ci karo da wani wai shi Miitopia. Na karanta ra'ayoyin waɗanda suka buga shi kaina ya ɗaure, wani ya ce bai taɓa cin dariya a gem irin wannan ba, wani kuma ya ce kwana biyu ya gundure shi. Maganar wa zan ɗauka? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Duka biyun gaskiya suka faɗa maka, abu ɗaya suka gani, kowa dai da abin da ya je nema.

Gem ɗin na kamfanin Nintendo ne, ya fara fita a Japan a 2016 a kan 3DS, wato tsohuwar na'urarsu ta gem ta hannu, sauran duniya suka samu a 2017, sannan aka sake gyara shi aka kawo shi Switch a watan Mayun 2021. Labarin ba wani mai zurfi ba ne, wani mugu ne yake sace fuskokin mutanen gari yana liƙa wa dodanni, kai kuma ka bi ka ƙwato. Inda daɗin yake shi ne kai za ka zaɓi fuskar kowa, jarumin da abokan tafiyarsa da sarki da gimbiya har shi mugun kansa, ka zana su da hannunka ka raɗa musu suna ka ba su sana'a, wannan mayaƙi wancan mai dafa abinci wata mawaƙiya, har kyanwa da tankar yaƙi akwai. Sannan ka zaɓa wa kowa hali cikin guda 7, akwai mai taurin kai akwai mai kirki akwai mai taka-tsantsan, kuma halin yana fitowa a fagen faɗa, mai kirki sai ya tausaya wa dodo ya ce a ƙyale shi alhali kai kana so a gama da shi.

To a nan ra'ayi ya rabu. Faɗan bi da bi ne, ka kai naka harin su kai nasu, amma cikin ku huɗun da ke fili jaruminka kaɗai kake juyawa, sauran ukun abin da suka ga dama suke yi. Wanda ya saba da irin su Pokémon ko Final Fantasy inda shi ke tsara kowane mataki, wannan abin yana ci masa rai sosai, shi ne za ka ga ya rubuta cewa gem ɗin da kansa yake buga kansa, ga hanya a miƙe, tafiya, faɗa, masauki, gobe ma haka. Kuma ban ga laifinsa ba, maimaicin yana nan, musamman in ka zauna awa uku a kansa ba tashi.

Masu yabon kuma in ka lura da kyau ba faɗan suke yabo ba, labarin mutanensu suke bayarwa. Wanda ya sa ƙanwarsa da abokinsa a tawaga ya ga sun yi rigima sun daina kula juna a tsakiyar yaƙi, ko ya ba wa yayansa kuɗin takobi ya dawo masa da ayaba, wannan dole ya yi dariya don ya san su. Ni ma abin da ya riƙe ni kenan, masaukin nan da ake raba ɗakuna a ciyar da kowa, wani ya ci ya yaba wani ya ɓata fuska, na fi jin daɗinsa a kan yaƙin. Na Switch ɗin ma an ƙara kwalliya da gashin sawa da doki, har mutane ke zana fuskokin da sai ka rantse hoto ne.

Amma ka sani mutum ɗaya ke bugawa, ba a haɗa hannu biyu, sai dai ku zauna tare ƙannenka su zaɓi fuska da sana'a kai ka riƙe. Kuma kafin ka kashe kuɗi, don dala 49.99 aka sa masa da ya fito, akwai na gwaji kyauta a eShop, wato shagon Nintendo na intanet da ke cikin Switch ɗin, ka sauke ka buga yankin farko, in ka saya daga inda ka tsaya za ka ɗora. In awa biyu ta yi ba ka yi murmushi ba to bar shi, gaba ma kusan haka yake.

TAMBAYA: Malam ɗana ɗan shekara 9 ya dame ni da wannan gem ɗin, ya dace da shi kuwa? Kuma akwai shi a waya? Daga wata uwa a Maraɗi.

AMSA: Hajiya babu shi a waya, a 3DS da Switch kawai Nintendo suka fitar, duk wanda kika gani a intanet an ce na Android ne kar ki bari ya sauke, na bogi ne kuma zai iya cuso miki matsala a waya. Batun dacewa, a Turai 'yan shekara 7 zuwa sama aka ware wa shi, babu jini, dodannin ma na katun ne. Sai dai zan faɗa miki abin da ke ciki ki yi hukunci da kanki, akwai sana'ar mai sihiri, akwai kuma wata murya da ke fitowa daga abin wuya tana ba jarumin ƙarfi, wasu iyayen ba sa so, wasu kuma sukan zauna su yi wa yaro bayani cewa tatsuniya ce. Rubutu ma yana da yawa kuma babu Hausa, amma akwai Faransanci da Turanci, tunda a Maraɗi kuke zai iya bi da Faransancin makaranta. Roƙona ɗaya, ki duba fuskar wa zai ɗora wa mugun, yara sukan sa malaminsu ko wani babba a gida, ki ce ya ƙirƙiro wata fuskar da ba ta kowa ba.