Tambaya da Amsa: Wardi Shuɗi, Wardi Baƙi da Mai Ratsi-ratsi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga ana tallar irin furen wardi shuɗi, da wani mai launuka kusan bakwai a fure ɗaya. In na saya na shuka, zai fito kamar yadda yake a hoto?

Amsa: Wa alaikumus salam. Riƙe kuɗinka. Mai launuka bakwai ɗin nan farin wardi ne aka yanko, aka tsattsaga ƙarshen karansa, aka tsoma kowane tsagi a ruwan rini daban, furen ya zuƙa. Rini kuwa ba ya bin iri. Shi ma shuɗin haka abin yake, domin wardi ba shi da ƙwayar halittar da ke haifar da shuɗin launi. Kamfanin Suntory na Japan da Florigene na Ostareliya sun dasa masa ita daga wani furen, suka sanar a 2004, aka fara sayar da shi a 2009 da sunan Applause, amma duk da wannan wahala ruwan shunayya mai haske ya bayar. Wardin da ake kira Blue Moon na 1964 ma shunayya ne, kuma zafin rana na koɗar da shi.

Ko da wardin na gaskiya ne, wanda aka samu ta barbarar iri biyu ba ya maimaita kansa daga ƙwaya. Ko dai ka sayi dashe mai aure, wato wanda aka haɗa reshensa da saiwar wani wardin, ko ka kafa reshe.

Tambaya: Malam, na dasa Black Baccara a tukunya kusa da bango. Gefen furen ƙonewa yake yi, kuma ba baƙi ba ne. Ina matsalar?

Amsa: Hajiya, ba a cuce ki ba. Black Baccara na gidan Meilland na Faransa ja ne mai duhu, ruwan hanta, kuma sai lokacin sanyi yake yin duhun da har ido zai ɗauka baƙi ne. Duhun nan shi ke jawo masa ƙuna, don ya fi farin fure kwasar zafi. Bangon kuma yana ƙara masa, yana shan rana ya dawo masa da ita.

Ki matsar da shi inda zai samu ranar safe ta awa shida, inuwa ta rufe shi daga tsakar rana. Tukunyar ta kai zurfin santimita 45 ko fiye, da huji a ƙasa, kuma kada ta zama baƙar roba, tana dafa saiwa. Ki haɗa ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya. Ki tura yatsa santimita 5, in kin ji bushewa ki zuba ruwa har ya ɓulla ta hujin. Sannan ki rufe saman da busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 5, amma kada ta taɓa karan.

Abin mamaki, wardin Double Delight na 1977 akasin haka yake. Fari-fari yake buɗewa, rana ce ke sa bakinsa ya yi ja. A inuwa zai zauna fari-fari.

Tambaya: Wardina mai ratsin ja da fari ne, yanzu wani dogon reshe ya fito yana ba da ja zalla. In bar shi?

Amsa: Duba inda ya fito tukuna. A gindin dashe mai aure akwai ƙulli, nan aka haɗa shi. In reshen daga ƙasan ƙullin ya taso, na uwar saiwar ne, sau da yawa wardin da ake kira Dr. Huey, wanda furensa ja ne mai duhu. Ya fi ƙarfi, in an bar shi sai ya kashe na saman. Tone ƙasa har inda ya maƙale, ka fizge shi ƙasa da hannu. In ka yanke da almakashi, idanun da suka rage za su tofo biyu ko uku. In kuma daga saman ƙullin ya fito, ratsin ne ya koma asalinsa, kamar yadda wardin Abracadabra kan yi, sai ka datse reshen daga tushensa. Wardin Scentimental na 1997 ya fi riƙe ratsinsa.

Tambaya: Lambuna damshi ya yi masa yawa, ganye na yin baƙin ɗigo yana zubewa. Wane iri zan nema?

Amsa: Cutar na kamawa ne in ganye ya yi kamar awa bakwai a jiƙe. Ba da ruwa a gindi da safe, bar tazarar santimita 90 tsakanin shuka da shuka, ka kwashe ganyen da ya zuba ka ƙone. Masu ruwan shunayya na saurin kamuwa, ka haƙura da su. Wardin Knock Out na 2000 launinsa ba wani na burgewa ba ne, amma yana jure wannan cuta sosai. In ƙasar rairayi ce mai tsutsar saiwa, nemi wanda aka aura a kan saiwar wardin Fortuniana, ka kafa masa sanda, don saiwarsa ba ta nitsewa.