Farfaɗiya ce ke sa ni mantuwa ko kuwa maganin ne?

Tambaya: Salamu alaikum likita. Ni albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, shekarata 34, ina da farfaɗiya tun ina saurayi. Na kai shekara 9 ina shan phenobarbitone kuma Alhamdulillahi faɗuwa ta ragu sosai, sai dai mantuwa ta sako ni gaba, mutum zai ɗauki buhu biyu bashi da safe kafin la'asar na rasa wane ne, har sunan kwastomomina na da daɗewa sai ya maƙale min a baki. Yayana ya ce maganin ne ke cinye min ƙwaƙwalwa wai in daina sha. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Kafin mu je ko'ina, don girman Allah kar ka ajiye maganin nan da kanka, phenobarbitone in aka yanke shi rana ɗaya ciwon kan dawo da ƙarfi fiye da na da, wani lokaci ma ya ƙi tsayawa ya wuce minti 5, kuma irin wannan shi ke kai mutum lahira.

To ga abin da ke faruwa a cikin kai. Daidai saitin kunnuwanka, dama da hagu, can ciki akwai wani ɗan lanƙwasasshen wuri da tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, likitoci na ce masa hipokamfas. Ka ɗauke shi kamar yaron shagonka mai riƙe da littafin bashi, abin da ya faru yanzu shi ke shigar da shi don gobe a duba a gani. Shi kuwa ciwon farfaɗiya wuta ce ke tashi a ƙwaƙwalwa ba bisa ƙa'ida ba, kuma a wurin manya da yawa daga wannan gefen take tasowa. Duk sanda ta tashi yaron ya ajiye biro kenan, abin da ya faru a lokacin da ɗan bayansa bai shiga littafi ba balle a ce ka manta. Ga yawancin mutane ɓangaren hagu ne ke kula da kalmomi da sunaye, na dama kuma hanya da fuskoki, shi yasa da ka ce sunaye ke maƙale maka na ɗan kasa kunne.

Yadda aka tabbatar da aikin wurin nan ma ta dalilin mai farfaɗiya ne. A 1953 a Amurka aka yi wa wani saurayi Henry Molaison tiyata yana shekara 27, aka cire masa wurin duka gefe biyu, faɗuwar ta yi sauƙi amma daga ranar ya daina riƙe sabon abu, za ku gaisa ka fita ka dawo ya sake maka sannu da zuwa kamar baƙo, ga shi yarintarsa bai manta ba. Haka ya zauna har ya rasu a 2008. Abin da ya same shi ne ya sa daga baya aka daina cire gefe biyun.

Abin da ma na fi zargi a naka shi ne, ka ce faɗuwa ta ragu, amma fa ba kowace farfaɗiya ke kayar da mutum ba. Akwai wadda mutum na zaune zai ƙura wa wuri ɗaya ido, yana ɗan lasar baki ko yana murza bakin rigarsa, minti ɗaya ko biyu, a yi masa magana ya yi shiru ko ya amsa abin da ba a tambaye shi ba, sai ya dawo kamar ba a yi ba. Wasu kafin nan sukan ji abu ya taso musu daga ciki zuwa ƙirji, ko wani wari da babu shi. Mai ita ba ya sani, na kusa ke gani, don haka ka tambayi iyalinka da yaron shago.

Amma fa yayanka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Phenobarbitone tsohon magani ne tun 1912, yana aiki kuma ga arha, sai dai yana sa kasala da nauyin kai, wanda hankalinsa bai tsaya kan magana ba kuwa ina zai riƙe ta. Akwai irin su levetiracetam da lamotrigine da ba su cika danne tunani haka ba, amma sun fi tsada kuma kowanne da nasa halin, na farkon ma yakan sa wasu saurin fushi. Canji likita ke yinsa, a hankali, ana rage wannan ana ƙara wancan.

Sai barci. Na san yadda kuke a Mile 12, tirela ta iso daga Arewa tsakar dare dole a tashi sauke kaya, to rashin barci na tayar da ciwon, kuma a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa ke kwafe abin da aka rubuta da rana ta adana. Damuwa ma na taka rawa. In kuma wani ya taɓa miƙo maka tramadol wai don ƙarfin aiki, ka guje shi, shi kansa yana jawo farfaɗiya.

Ka nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin koyarwa na LUTH Idi-Araba ko na LASUTH Ikeja, za su iya sa ka gwajin EEG mai auna wutar ƙwaƙwalwa, wataƙila da hoton MRI don a duba ko hipokamfas ɗin ya yi tabo. Ka tafi da kwalin maganinka da wanda ya taɓa ganin ciwon ya kama ka, in an ɗauki bidiyo a waya ma ya fi. Kafin nan, duk wanda ya ɗauki kaya kar ya bar gabanka sai ka rubuta, ko da ajami ne, ko ka tura wa kanka saƙon murya a WhatsApp da sunansa da yawan buhu.