Tambayi likita: tsokar jijiyar jini, tansiyo da sake toshewa

Wata ɗalibar likitanci a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ta ce: Dokta don Allah waɗanne furotin ne ke sa ƙwayar halitta ta zama tsokar bangon jijiyar jini? wallahi kaina ya kulle.

Ƙanwata fara riƙe furotin mai suna miyokardin, shi ne uban tafiyar, a 2001 aka gano shi a ɗakin binciken Eric Olson a Amurka. Shi kaɗai ba ya iya kama DNA, sai ya manne da wani furotin mai suna SRF, su biyun ne ke sa ƙwayar ta ƙera kayan matsewa, wato aktin da miyosin da kalponin da SM22. Furotin TGF-beta na mara musu baya, wasu furotin biyu, PDGF-BB da KLF4, kuma su ne masu danne su. Amma abinda nake so ki gane ya fi haddar sunaye: ita wannan tsokar bata taɓa zama daram, in bangon jijiya ya ji rauni sai ta aje aikin matsewa ta shiga hayayyafa tana zuba kolajen, furotin ɗin da ke yin tabo, kamar mai gadi ya bar ƙofa ya koma birkila. Gyara take nufi, sai dai in ya yi yawa hanyar jinin ce ke ƙuntata.

Wani Alhaji daga Tahoua: an saka min ɗan bututun ƙarfe a jijiyar zuciya, kuma aka ce wai zata iya sake toshewa, to mi amfaninsa kenan?

Alhaji bututun ya yi amfani sosai. Ƙwayoyin tsokar jijiyar nan ne dai ke iya taruwa cikin bututun, shi yasa na zamani ake shafe su da magani irin su sirolimus mai hana ƙwayoyin tsokar yaɗuwa. Naku aikin shi ne kar ku tsaida aspirin da klopidogrel, masu hana jini yin gudaji, sai likitan zuciyarku ya ce, a bar taba kwata kwata, a riƙa auna suga da tansiyo.

Wata Hajiya: tunda na fara amlodipin ƙafafuna ke kumbura da marece.

Hajiya sannu. Maganin yana tare ƙofar da kalsiyom ke shiga tsokar, jijiya ta saki, tansiyo ya sauka, ruwa kuma ya ɗan taru a idon sawu. Sananne ne. Kar ku daina sha da kanku, ku koma a rage ko a canja, in kuma da haki ko kumburin ƙafa ɗaya ne to yau ɗin nan a tafi asibiti.

Wani matashi: in na yawaita cin kilishi da wake furotin ɗin nan zasu ƙaru?

A'a ɗan'uwa, ƙwayar ce ke ƙera abinta. Kilishin ma ka yi hattara da gishiri da magi, hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce gishiri kar ya kai giram 5 a yini.