Wai da gaske ne Kwalejin Barewa ba a Zariya ta fara ba?

Malam, tambayarka akan asalin Barewa da kuma dalilin da yasa sunanta yayi tambari haka, eh da gaske ne ba a Zariya aka haife ta ba. A Katsina aka kafa ta 1921 lokacin Gwamna Hugh Clifford, a matsayin makarantar horon malamai, su Sardauna da Tafawa Balewa duk a can Katsinan sukayi karatu. A 1938 aka dawo da ita Kaduna, sai 1949 ta koma Zariya, sunan Barewa kuwa sai 1971 aka sa mata.

Maganar yin suna kuma ai ɗalibanta ne suka jawo mata, ka duba fa Gowon, Murtala, Shagari, Umaru 'Yar'aduwa, duk shugabannin ƙasa kuma duk sun zauna a ajinta, makarantar gwamnati ce ta kwana ta maza zalla wadda a wancan lokacin ake tara yara daga lardunan Arewa daban-daban, ɗan sarki da ɗan talaka ɗaki ɗaya tarbiyya ɗaya. Ni wannan haɗuwar ce tafi burge ni wallahi. In kana son kai ɗanka, kaje Zariya da ƙafarka ka ga azuzuwa da ɗakunan kwanan tukuna.