Makarantar haziƙai ta dace da ɗana?

Hajiya, kin ce ɗanki shi ke zuwa na ɗaya a firamarensu a Kubwa, kina tunanin Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Kwali. Ki bar shi ya rubuta jarrabawar shiga da NECO ke shiryawa.

Babbar ribar ita ce abokan karatu. Idan kowa a ajin mai ƙwazo ne, malami ba ya ta maimaita darasi, yaron ma ba ya samun sararin kasala.

Sai dai na ɗaya a ƙaramin aji kan je can ya koma na 20, gwiwarsa ta yi sanyi, iyaye kuma su hau shi da faɗa. Kada ku yi haka. Ki zauna da malamin ajinsa tukuna, ya gaya miki ƙarfinsa a lissafi da Turanci, da ko zai jure makarantar kwana.