Filin Tambaya da Amsa: Gyara ɗaya na je sakawa, na'ura ta ƙi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyon aiki a kan babbar kwamfutar IBM mai amfani da z/OS, wato manhajar da ke tafiyar da ita. An ba ni gyara guda, PTF, in saka. Na gwada da APPLY CHECK, wato gwajin sakawa ba tare da an saka ba, sai SMP/E, manhajar da ke saka gyare-gyare, ta ƙi, wai akwai waɗansu gyare-gyare da dole su riga shi shiga, ɗaya kuma an riƙe shi saboda kuskure. Abokin aikina ya ce in sa BYPASS, wato umarnin tsallake waɗannan shingaye, in huta. In bi shawararsa? — Mai koyon aiki

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka bi, aƙalla ba yanzu ba.

Zuriyar wannan na'ura ta faro ne daga System/360 ta 1964, z/OS kuma ya fito a 2001, har yau bankuna da kamfanonin jiragen sama na dogara da su. Tsarin da ya daɗe haka, gyara a kansa kamar facin tsohuwar taya ne: sabon yana zaune a kan na jiya. Shi ya sa kowane PTF ke zuwa da bayanin waɗanda za su riga shi, wato PRE, da waɗanda za su shiga tare da shi, wato REQ, da waɗanda ya maye gurbinsu, wato SUP. SMP/E ba taurin kai take yi maka ba, lissafin nan take bi.

Matsalar farko, ta gyare-gyaren da za su riga shi shiga, mai sauƙi ce. Ka yi RECEIVE, wato ka shigo wa SMP/E da waɗanda ba ta da su, ka sake gwaji da zaɓin GROUPEXTEND, ita SMP/E za ta jawo 'yan rakiyar da kanta. Kada yawansu ya tsorata ka. Alama ce kawai ta an daɗe ba a yi wa na'urar hidima ba.

Riƙon shi ne inda nake so ka nutsu, don iri-iri ne. Riƙon SYSTEM saƙo ne gare ka: wani zai ce sai an sake tayar da na'ura, wato IPL, wani zai ce akwai aikin hannu kafin sakawa ko bayanta. Wannan ana tsallake shi, amma bayan ka karanta kowanne, ka rubuta abin da ya nema. Musamman na ACTION, wato mai neman aikin hannu, kada ka yi masa karatun gaggawa. Riƙon ERROR kuwa daban ne. Ma'anarsa IBM da kanta ta gano gyaran yana da aibi, ta liƙa masa lambar rahoton matsalar, APAR. In ka tsallake, ka ɗauko cuta da hannunka ka sa a na'urar da albashin mutane ke bi ta cikinta. Sauko da sabon HOLDDATA tukuna, wato bayanin IBM kan gyare-gyaren da aka riƙe. Sau da yawa maganin ya riga ya fito, kuma da zarar ya shiga rukunin, riƙon zai warware da kansa. In bai fito ba, karanta APAR ɗin, ka kai wa shugabanka. Wataƙila aibin bai shafi abin da kuke amfani da shi ba, amma wannan hukunci ba na mai koyo ba ne shi kaɗai. (Abokin naka, ina zato, ba shi za a tasa da ƙarfe biyun dare ba.)

Sai maganar ACCEPT, wato amincewa da gyaran dindindin. Muddin APPLY kawai ka yi, RESTORE zai iya cire gyaran, domin tsohon kwafi yana nan a ɗakunan ajiyar asali. Ran da ka yi ACCEPT, wannan ƙofa ta rufe. Ni nakan bar gyara ya yi aiki lafiya har zagayen hidima na gaba kafin in amince da shi.

Kuma a kan kwafin faifan tsarin ake sakawa, ba wanda ke aiki ba; a tayar da ɓangaren gwaji da shi, sannan sauran ɗaya bayan ɗaya. Ka kuma tambayi shugabanka wane RSU kuke kai, wato rukunin gyare-gyaren da IBM ta gwada ta kuma ba da shawarar a saka. Lambar tana nuna shekara da wata, misali RSU2403 na Maris 2024 ne, daga nan za ka san nisan da aka bar ku a baya.