Ga mai son sayar da tufafin gado daga Landan: ki fara ƙirga hannayen da suka taɓa rigar

Kin ce a Landan aka haife ki, iyayenki Katsinawa ne, kina son fara ɗinka kaya da atamfa ki sayar da sunan tufafin gado, kuma ba kya son haƙƙin kowa ya hau kanki. Kika tambaya ta ina za ki fara. Ƙanwata, shekarata goma sha biyu ina aika rinannun kaya da saƙi daga Kano zuwa Ingila. Na ci riba, na kuma tafka asarar da har yau in na tuna sai in girgiza kai.

Atamfa tamu ce a wajen ɗaurawa. Mu muka raɗa mata sunaye, da ita muke haɗa lefe, ita muke fitarwa anko. Amma asalinta batik ne, wato rinin yadi da kakin zuma, na tsibirin Java a Indunusiya, Turawan Holan suka mayar da shi aikin inji, kuma kamfanin Vlisco na garin Helmond tun 1846 yake. Shaddar Getzner da ake taƙama da ita ranar Sallah daga Ostiriya take zuwa. A da muna buga tamu: masaƙar KTL ta Kaduna ta fara aiki a 1957, masaƙar UNTL ta biyo baya, unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, yau kuwa yawancin abin da za ki taɓa a Kantin Kwari daga Sin aka yo lodinsa. Ban hana ki atamfa ba, ni ma ita ce a jikina yanzu. Kada dai ki rubuta "aikin hannun Afirka" a wuyan rigar da inji ya buga yadinta a wata nahiya. Faɗi inda aka buga, faɗi inda aka ɗinka.

Idan gadon hannu kike nema, yana nan, sai dai samunsa ya fi hotunan Instagram wuya. Marinar Ƙofar Mata tun 1498 ake lissafa ta. Turkudin Kura shi Buzaye ke yin amawali da shi, kuma da Bajamushen matafiyin nan Barth ya shigo Kano a 1851 ya tarar da yadin garin yana kaiwa har Tumbuktu. Baba da toka ake zubawa a ramin karofi, a bar su su ruɓa kwana da kwanaki ana motsawa. Marini ya tsoma yadi, ya ɗago shi ya sha iska, ki gan shi kore-kore yana rikiɗa zuwa shuɗi a gabanki, ya sake tsomawa, haka har launin ya kama. Daga nan sai mabuga su yi ta dukansa da itace har ya yi sheƙi.

A shekarata ta farko ban tsaya na ga wannan da idona ba. Wani dillali na amince wa ta waya, ya aiko mini zannuwa arba'in ya ce rinin baba ne tsantsa, ni kuma na buga hakan a takarda na manna. Wata Baturiya da ita ma take rini ta saya, ta dawo ta yi mini tambayoyin da na kasa amsawa. Da na sa ƙanena ya bi sawu, ashe galura ce da soda a cikin duro. Na mayar wa mutane kuɗinsu da kunya. Shunin kanti tun 1897 Jamusawa ke yin sa, ido ba ya bambance su, kuma dukansu suna zuba a jiki da farko. Rinin galura ba laifi ba ne idan an faɗa, amma yana da nasa tambayoyin: mai rinin yana da safar hannu ko soda ke cin fatarsa, kuma ruwan da ya gama da shi ina yake kwarara, kwatar unguwa?

Inda adalcin yake zaune shi ne littafin biya. Zauna ki ƙirga hannayen da riga ɗaya ke bi: tsohuwar da ta yi kaɗi da mazari, masaƙin da ya saƙa ƙwarya-ƙwarya, wanda ya harhaɗa, matar da ta ɗaɗɗaure zanen kafin rini, marini, mabugi, tela, mai ɗinkin hannu. Babbar riga mai aska takwas watanni take ci a hannun mutum. Waɗanda ba a gani su ne suka fi cutuwa, musamman matan da ke aiki a cikin gida, yaro ya kai musu ya karɓo. Ranar da na shiga na tambayi wadda ke ɗaure mini kaya nawa ake ba ta a kan zane ɗaya, sai da na kasa haɗa ido da ita, don kuɗin bai kai na kofin shayi a Landan ba. Tun daga ranar kowa kai tsaye nake biyansa, rabi kafin alƙalami, sauran ranar karɓa, ba sai na sayar ba. Hadisin biyan ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe duk mun haddace shi, aiki da shi ne ke gagara idan kaya suka yi kwantai.

Ki kuma lura da canji. Bayan da aka saki naira kasuwa ta yanke darajarta a watan Yunin 2023, fam ɗaya ya kai ga sayen aikin da a da sai fam biyu, ba tare da kin ɗaga tsinke ba, alhali zare da hatsi sun yi tashin gwauron zabo a wurinsu. In kika bar tsohon farashi, kin ci guminsu ko da ba ki yi niyya ba.

Kayan maƙwabta kuma ki kira su da sunansu. Kente na ƙabilun Asante da Ewe na Ghana ne, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2024. Bogolan na Mali ne, aso oke na Yarabawa, Faso Dan Fani na Burkina Faso, wanda tsohon shugabansu Sankara ya ɗaukaka. Kasancewarki Bahaushiya bai mallaka miki su ba, balle kwaikwayonsu na inji.

Game da tsoron da kika ambata na a ce ke 'yar Turai ce: za a faɗa, za a yi dariyar Hausarki, za a ninka miki farashi a karon farko. Ki gaishe su, ki zauna a tabarma, ki dawo karo na biyu, abin zai wuce. Abin da ba na so shi ne ki zo da sunan ceton talakawa, ki ɗauki hoton dattijo da hannunsa baƙi ƙirin ki yi talla da shi bai sani ba. Malamin sana'a ne, ke ce ɗaliba.

Masu sayen kayanki irinki ne, suna son abin da za su sa ranar Litinin zuwa ofis, ba Sallah kaɗai ba. Kwat ɗin saƙi ya fi komai tafiya a wurina, don kaurinsa ya dace da sanyin can. Ki wanke yadin kafin a yanka, yana tsukewa. Kada ki ɗinka da yawa. An ƙiyasta gwanjo miliyan 15 ke shiga kasuwar Kantamanto ta Accra duk mako, ba ma buƙatar naki rarar a kai. Fara da guda ashirin, ki karɓi oda kafin ɗinki. Kuma in kayan Sallah kike so, ki ba da aikin tun Rajab, don da azumi ya kama babu telan da zai saurare ki.